Wanke Injin Babur: Fetur Ba Ruwan Wanki Ba Ne

Mai babur a Kambaza ba ya bukatar a koya masa amfanin wanke inji. Duk wanda ya sha ƙurar hunturu a hanyar Gwandu, ko ya kutsa lakar fadama da buhun shinkafa a bayansa, ya san yadda datti ke toshe haƙarƙarin inji, waɗannan siraran ƙarafan da iska ke ratsawa ta sanyaya shi. Tsofaffin baburan da aka gada, irin su Honda Roadmaster da Suzuki da Yamaha, har Jincheng da Bajaj da suka biyo baya, ba su da lagireto, iska kaɗai ke sanyaya su. In laka ta cakuɗe da baƙin mai ta bushe a wurin, sai inji ya riƙa zafi, ƙarfinsa ya ragu. Wanki dole ne. Abin da wannan darasi ke yaƙi da shi ɗaya ne: wanke inji da fetur, musamman a cikin gida.

Kowa ya san yadda abin ke faruwa. Maigida ya turo babur tsakar gida, ya zare tiyo ya tsiyayi fetur a tsohuwar tasa, ya tsuguna da tsumma. Can gefe uwargida na fifita wuta a murhu, yaro na rarrafe tsakaninsu. Ta ce, "Malam, warin nan ya yi yawa, don Allah a fitar da shi waje." Ya ce, "Ke dai ji da tuwonki, wutarki na can, ni ina nan." Kafin ya rufe baki amarya ta ratso ta gefen tasar da garwashin turare a kasko, ga kuma maƙwabci ya yi sallama da taba a baki, ya tsaya a kansa yana ba da shawarar da ba wanda ya tambaye shi. Irin wannan maƙwabci a tsayar da shi tun daga zaure.

Kuskuren maigida shi ne zaton sai wuta ta taɓa tasar. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa ya malala kamar ruwa, ido bai ganinsa, har ya isa murhu, sai wuta ta biyo shi ta dawo kan mai tsumma. Fetur na fitar da tururi mai kamawa ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a zafin Afrilu na Kebbi da ke haura digiri 40. Kananzir mai kyau ba ya fitar da irin wannan tururi sai zafinsa ya kai wajen digiri 38, man gas kuwa sai ya wuce 50. Ka ga ko da kananzir ɗin za a yi wankin, da bazara, sai a waje, a inuwa. Kada a wanke inji da fetur.

Wani zai ce bakanikai ma da shi suke wanki. Gaskiya ne da yawa suna yi, amma a fili suke, ba murhu ba mai rarrafe, kuma su ma ba su tsira daga ƙuna ba. Wani ya ce shekara da shekaru yana yi bai ga komai ba. Iska ce ta riƙa kaɗa tururin wani gefe, kuma ba a yarjejeniya da iska. Mai cewa fetur ya fi sauƙin samu ya tuna tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi, abin da yake zubarwa a tasa kuɗin cefane ne. Ga shi fetur na tsattsage fatar hannu. Ko ta ina aka duba, ba a wanke inji da fetur.

Aikin kansa ba wuya. A bar inji ya huce sarai, don ruwan sanyi kan ƙarfe mai zafi na iya tsaga shi. A ɗaure kafireta da kan fulogi da bakin salansa da leda. A kankare laka da tsinke, a shafa ɗan man gas inda maiƙo ya daskare, a goge da tsohon buroshi, a bi da ruwan ɗumi da omo, a ɗauraye, a shanya. Kada a sa soda, tana cin alminiyom. Mai son ƙyalli ya bi murfin inji da sanfefa mai laushi a jiƙe. Fentin ɗaki kuwa ba na silinda ba ne, akwai na musamman mai jure zafi.

In tsautsayi ya sa fetur ya kama, ruwa yaɗa wutar yake yi. A rufe ta da yashi ko jiƙaƙƙen buhun algarara. Wanda ya ƙone a zuba wa wurin ruwa mai tsabta na minti 20, ba ƙwai ba man goge baki, a wuce da shi asibiti a Gwandu ko Kalgo. Tsumman da ya sha mai kuma kada a bar shi inda yara za su ɗauka su jefa a murhu.