Asusun Banki: Sebin Ko Karant?

Tambayar da ɗalibai masu sana'a suka fi yi mini bayan darasi ita ce: Malama, wane asusu zan buɗe?

Asusun ajiya, wato sebin, shi ne banki ke ƙara wa kuɗin ruwa. Wannan ƙarin riba ce, kada mu yi kwana-kwana. Malamai da dama sun ce idan ya riga ya shigo, ki fitar da shi cif-cif ki sa a wata maslaha ta jama'a, kamar gyaran rijiya, ba da niyyar sadaka ba. Shi kuwa karant ba a ba shi ruwa, kuma ana bayar da takardar caki, sai dai bankin na cirar kuɗin kula da asusu. Mai saro atamfa a Kantin Kwari, wadda kuɗi ke shiga da fita kullum, shi ya fi dacewa da ita. Akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa kwata-kwata: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019.

Idan bankin ya rushe fa? Hukumar NDIC ke biyan masu ajiya, kuma a 2024 ta ɗaga abin da take lamuncewa a manyan bankuna zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya.

Lambar asusu guda 10 ce, ita ake ba mai turo kuɗi. Lambar sirrin katin ATM kuwa, ko wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake, kashe wayarki kawai. Banki ba ya tambayarta.