ZAƁEN MASAUKI DOMIN KALLON RUWAN TAURARI

Ya 'yan'uwana almajirai, ga wani darasi na ilmin sama wanda ba a koyonsa a kan allo, sai mutum ya ɗauki bargonsa ya fita daji ya kwana. Kowannenmu ya taɓa ganin tauraro ya tsinke da dare, ya ja zaren wuta ya ɓace. Mutanenmu su kan ce wani babba ne ya rasu. To, abin nan ba tauraro ba ne, tsakuwa ce, yawancinta ba ta fi ƙwayar gero ba. Tana shiga iskar da ta lulluɓe duniya da gudu mai tsanani, sai ta ƙone tun tana nesa da mu kamar kilomita 80 zuwa 100. Akwai waɗansu darare sanannu a shekara da duniya ta kan ratsa ta cikin tarin irin wannan tsakuwa, sa'an nan a ga suna zubowa bi da bi. Shi a ke kira ruwan taurari.

Turawa sun fi ɗokin na 12 da 13 ga Agusta, wanda ya ke fitowa daga ƙurar wani tauraro mai wutsiya da aka gano a 1862. Amma mu a lokacin nan damina ta yi tsaka, wanda ya fita sai ya kwana yana kallon hadari. Namu shi ne na daren 13 zuwa 14 ga Disamba, wanda masana su ke kira Jeminid. Tsakuwarsa daga wani dutse ta ke mai kewaya rana, sunansa Feton, an gano shi a 1983. Gudunta kilomita 35 ne cikin sakan ɗaya, watau daga Kano zuwa Zariya ba ta cika sakan 5 ba. In sama ta yi garau a kan ƙirga fiye da 100 cikin sa'a guda. Amma fa sau ɗaya ya ke zuwa a shekara, wanda ya yi kuskuren wuri sai baɗi.

Tun ba a ɗaura kaya ba a fara duban wata, gama shi ne babban abokin gāba. A nan wanda ya yi makarantar allo ya fi Bature sauƙin lissafi. A duba 14 ga Disamba ta faɗa nawa ga watan Musulunci. In daga 1 zuwa 5 ne, wata zai faɗi da wuri, dare duk namu ne. In 7 ko 8 ne, sai tsakar dare ya ke faɗuwa, wannan ma ba laifi, domin ruwan ya fi ƙarfi wajen ƙarfe 2. In kuwa ta faɗa kusa da 14, farin wata zai shanye ƙananan duka, sai manya ɗai ɗai. Da ya ke shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11, lissafin bana ba ya yi wa baɗi amfani.

Sa'an nan hasken gari. Fitilun babban birni su kan haska sama har a hango jan hasken daga nisan kilomita masu yawa. Saboda haka Dutsen Dala, duk da tsawonsa, ba wurin wannan aiki ba ne, yana tsakiyar Kano. Dutsen Kufena ya fi shi dama, amma a ganina shi ma ya yi kusa da Zariya ƙwarai. A nemi wurin da ba a ganin fitila ko ɗaya, in kuwa jan hasken birni bai ɓace sarai ba, a kwanta a ba shi baya.

Abin da ya fi wuyar sha'ani shi ne hazo. Disamba lokacin hunturu ne, iska tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi ta shimfiɗa ta a kanmu. Ƙurar ta fi kauri kusa da ƙasa, don haka tudu ya fi kwari, ƙasa mai bisa kuma irin ta Jos, wadda ta haura mita 1,200, ta kan fi samun sama mai tsabta, ko da ya ke ɗarinta ba wasa ba ne. Ga gwaji mai sauƙi. A je wurin da a ke so mako guda kafin ranar, bayan lisha a ɗaga kai a nemi Kaza da 'Ya'yanta. Wanda ya iya ƙirga shida a cikinsu ya sami wuri. Wanda ya ga dusu-dusu kawai ya ƙara gaba.

Waɗansu suna tsammani ƙwanƙolin dutse shi ne wuri na gari. Ni ban yarda ba. Can iska ta fi bugu, ba wurin miƙe ƙafa, ga ramummukan da macizai da kunamu su ke fakewa, saukowa kuma cikin duhu hanyar karaya ce. Falalen dutse a kafaɗar tudu ya fi, ko fako, ko gonar da aka girbe aka kwashe karanta, muddin babu dogon itace da zai tare sama. Taurarin suna ɓullowa daga arewa maso gabas wajen ƙarfe 8, kafin ƙarfe 2 mafitarsu ta kusa daidai ka, amma zaren wutar ko'ina ya ke bi, saboda haka faɗin sama a ke bukata. A nisanci busasshiyar ciyawa, gama lokacin gobarar daji ne.

Batun lafiyar rai kuwa ya fi gaban duk waɗannan. Akwai dazuzzukan da ba a kwana cikinsu saboda ɓarayi, kome kyaun samansu. Kada kowa ya sauka a wuri sai ya gai da mai gari da rana, ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi, ya nemi izinin mai gona, in da hali a haɗa shi da ɗan gari. Baƙin da aka tsinta kwance a bayan gari da tsakar dare ba wanda zai yarda taurari su ke kallo. Kada a gaza mutum huɗu, a kuma bar wa wani malami sunan ƙauyen da lokacin komowa.

Nisan tafiya kada ya wuce sa'a biyu, kamar kilomita 8 ga mai kaya, domin a isa a share wuri kafin rana ta faɗi wajen ƙarfe 6. Ruwa shi ne kaya mafi nauyi, lita ɗaya kilo ɗaya ce, kowa kuma yana bukatar lita 3 in ba rijiya kusa. A ɗauki tabarma da bargo biyu, ɗaya a ƙasa, gama sanyin ƙasa ya fi na iska cin jiki. A gama dahuwa da wuri a kashe wuta ƙurmus. Ido ya kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, duban waya sau ɗaya kuwa ya isa ya ɓata wannan, don haka mai riƙe da tocila ya ɗaure bakinta da jan ƙyalle. Kowa ya kwanta rigingine ya fuskanci nasa sashen sama, mutum ɗaya ya riƙe agogo da fensir, yana rubuta abin da aka ƙirga kowane rubu'in sa'a har asuba.