DARASI NA 14: GAYYAR RUBUTU

Jama'a, dukanmu mun san gayya. In aikin gona ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya gayyaci maƙwabta. Kowa ya zo da fartanyarsa. Kafin azahar an gama noman da zai ci wa mai gona kwana bakwai. Ba a biyan ɗan gayya kuɗi, sai fura da godiya.

Yau za mu yi magana a kan wata gayya dabam. Gonarta littafin rubutun 'ya'yanmu ne, fartanyarta kuwa fensir.

ABIN DA MUKA GANI

Ran nan muka je duba ajin manya a wani ƙauye. Da aka tashi, sai wani dattijo ya tsaya, ya ce yana da magana. Ya ce bara ya jinginar da gonarsa, ya so a rubuta a takarda don gudun gardama. Ga shaidu zaune a zaure. Ya kira ɗansa wanda ke aji biyar na firamare, ya ce, "Kai, ɗauko takarda ka rubuta mana."

Yaro ya rubuta kwanan wata. Ya rubuta sunansa. Daga nan ya tsaya, ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Baba, ban san ta inda zan fara ba." Sai da aka aika wata unguwa aka kira mai rubutu.

Dattijon ya ce mana, "Malam, shekara biyar ina saya masa littafi. Abin da ya kawo ni ajinku ke nan."

Muka ce a kawo littattafan yaron. Muka tarar cike suke da rubutu mai kyau, layi bisa layi. Amma duk kwafa ya yi daga allon aji. Babu layi ko ɗaya wanda ya fito daga kansa.

To, ku lura da wannan. Kwafa dabam, rubutu dabam. Mai kwafa yana zana maganar wani. Mai rubutu yana ajiye tasa maganar a takarda, yadda wani zai karanta ya gane ko da shi ba ya nan.

INA LAIFIN YAKE?

Kada mu yi saurin zagin yaro, kada kuma mu yi saurin zagin malami. Mu yi lissafi tukuna. A ce aji yana da yara 70, darasi kuwa minti 35 ne. In malami ya raba lokacin nan daidai, kowane yaro rabin minti zai samu. Rabin minti bai isa a buɗe littafi a karanta layi biyu ba, balle a gyara.

Karatu ana iya yinsa baki ɗaya, malami ya faɗa yara su amsa. Rubutu ba haka yake ba. Sai wani ya zauna kusa da yaro, ya dubi abin da ya rubuta, ya ce masa, "Nan ka yi daidai, nan ka sake." Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malami yana bukatar 'yan gayya.

BA YAU AKA FARA BA

Taimakon juna wajen ilmi tsohon abu ne a ƙasarmu. Ku dubi makarantar allo. Malam ɗaya ne, almajirai da yawa. Amma gardi yana biya wa kolo, yana kama masa hannu, yana nuna masa yadda ake riƙe alƙalami. Da haka makaranta take tafiya.

A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ta da Yaƙi da Jahilci. Alhaji Ahmadu Coomassie yana cikin manyan da suka ja ragamar aikin. A lokacin nan Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa duk suna cikin Lardin Kano. Yawancin masu koyarwa a ajujuwan nan ba malaman makaranta ba ne, mutanen gari ne waɗanda suka riga 'yan'uwansu iyawa. A Zariya aka riƙa buga musu ƙananan littattafai, aka kuma buga wa Lardin Kano 'yar jarida mai suna Sodangi, don wanda ya koya ya sami abin karantawa.

A 1976 aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika makarantu. A 1980 Jihar Kano ta kafa Hukumar Ilmin Manya. A 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano. A 2004 aka yi dokar da ta ce kowane yaro ya yi shekara tara a makaranta kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare.

Watau ƙofar makaranta ta buɗe. Abin da ya rage shi ne yaro ya fito da abin da ya shiga nema.

SU WA ZA SU ZO GAYYA?

Akwai tsofaffin malamai da ma'aikata waɗanda suka ajiye aiki suka dawo gida. Akwai samari da 'yan mata waɗanda suka gama sakandare. Akwai ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, in sun zo hutu. Waɗannan suna iya taimako har da rubutun Turanci.

Sa'an nan akwai ku, 'yan ajin manya.

Wani zai ce, "Ni da ban daɗe da fara riƙe fensir ba, me zan koya wa ɗan makaranta?" Amsa ita ce, wanda ya ƙetare rafi yanzun nan ya fi kowa tuna inda zurfi yake. Kun san baƙin da ya ba ku wahala. Kun san yadda hannu ke rawa ran farko. In kuna iya rubuta layi uku da Hausa wani ya karanta ya gane, to, kuna da abin ba yaro. Wanda kuwa ya iya shirya magana a takarda da harshen gidansu, in ya zo ga Turanci aikin zai yi masa sauƙi.

YADDA ZA A SHIRYA

Da fari a je wurin hedimasta a gaya masa. Makarantun gwamnati suna da kwamitin gari mai kula da makaranta, wanda ake kira SBMC. A cikinsa akwai iyaye maza da mata, da wakilin mai gari, da malaman addini. A sanar da su, a kuma nemi yardar iyayen kowane yaro.

Mutum ɗaya ya ɗauki yara huɗu ko biyar. Kada su wuce haka, in ba so muke mu sake gina babban aji a gindin itace ba.

A zauna a fili inda kowa ke gani, ko a zaure, ko a inuwar darbejiya. Mata su zauna da 'yan mata a cikin gida.

Sa'a ɗaya ta isa, sau biyu a mako. Alhamis da la'asar lokaci ne mai kyau, domin makarantar allo tana hutu. A fara da kaka bayan an kai amfani gida, sa'ad da yara suka huta da aikin gona.

Kayan aiki ba su da yawa: littafi ɗaya da fensir ɗaya ga kowane yaro. Littafin nan na gayya ne kaɗai, ba a kwafar kome a cikinsa.

MATAKI BIYAR

Na ɗaya, yaro ya faɗa da baki. Ku tambaye shi abin da ya sani. Me ya gani a kasuwa? Yaya ake cirar gyaɗa? Yaya masunta suke kama kifi a dam ɗin Kazaure? Yaron Roni ya ba da labarin duwatsun garinsu. Yaron Babura ya faɗi abin da fatake ke kawowa daga Nijar. Yaron Gwiwa ya faɗi yadda ake kiwon awaki a gidansu.

Na biyu, ya rubuta abin da ya faɗa, layi uku kurum. Ku yi shiru. Kada ku karɓe masa fensir.

Na uku, ya karanta da ƙarfi, yatsansa yana bin kalmomi. Sau da yawa shi da kansa zai ji inda ya tsallake.

Na huɗu, ku yabi abu ɗaya, ku gyara abu ɗaya. In kuka cika masa takarda da gyara, gobe ba zai zo ba.

Na biyar, ya sake rubutawa da kyau a ƙasa, ya sa kwanan wata.

ME ZA A GYARA?

Abu huɗu ne suka fi ba yara wahala, mu ma sun ba mu.

Baƙaƙe masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. 'Yar lanƙwasar nan tana juya magana. Ku duba:

Baba ya tafi fada.
Baba ya tafi faɗa.

A layin farko wurin sarki ya tafi. A na biyu rigima ya tafi yi. Haka nan kafa da ƙafa, baki da baƙi, kare da ƙare.

Raba kalmomi. Kowace kalma da gurbinta, kamar shuka. Ku duba:

Na ba shi.
Na ci bashi.

Ba shi kalma biyu ce, bashi kalma ɗaya. A takardar kuɗi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Babban baƙi. Da shi ake fara magana, da shi ake fara sunan mutum da sunan gari: Kazaure, Daura, Kano.

Aya. Inda mai magana zai tsaya ya huta, nan ake ɗiga aya. In tambaya ce a sa alamar tambaya.

Ga irin abin da yaro zai fara rubutawa:

jiya naje kasuwa da baba mun sayar da akuya daya mun sayo gishiri da kananzir

Ga shi bayan an gyara, mako bisa mako:

Jiya na je kasuwa da Baba. Mun sayar da akuya ɗaya. Mun sayo gishiri da kananzir.

Maganar tasa ce tun farko. Shara kawai aka yi mata.

In yaro ya ƙware a layi uku, a kai shi biyar. Daga nan a koya masa wasiƙa: sunan gari da kwanan wata a sama, sai gaisuwa, sai bukata, sai sunan mai rubutu a ƙasa. Daga wasiƙa sai takardar shaida: wa ya ba da, wa ya karɓa, nawa ne, yaushe, su wa suka gani.

ABIN DA ZA A KIYAYE

Ban da duka, ban da zagi, ban da dariya. Hannun da ke jin tsoro ba ya rubutu.

Ban da karɓar kuɗi, ban da aiken yara. In kuɗi ya shiga, ɗan talaka ne zai fara fita.

Kada a yi wa yaro aikin da malaminsa ya ba shi. Wanda aka ɗauka a kafaɗa bai san nisan hanya ba.

Kada a kushe malami a gaban yaro. In kun ga wani abu wanda ba ku gane ba, ku je ku tambayi malamin. Shi ne mai gona, mu 'yan gayya ne.

Kada a manta da 'ya'ya mata. Yarinyar da ta iya rubutu, gobe ita za ta rubuta lissafin sana'arta, ita kuma za ta duba littafin nata 'ya'yan.

RIBAR ƊAN GAYYA

Mun sha ganin mutum ya gama ajin manya ya karɓi takardar shaida, bayan shekara biyu rubutun ya gudu. Fartanyar da aka rataye ita ke tsatsa. Wanda yake zama da yara sau biyu a mako ba zai manta ba, domin kullum yana bita. Ya ba da, nasa kuma ya ƙaru.

Kada ku yage shafin farko na littafin yaro, kome muninsa. Bayan wata uku ku buɗe shi, ku aza kusa da na ranar, ku kira uban yaro ya gani da idonsa.

Dattijon nan da muka ba ku labari, da muka koma ƙauyensu da bazara mun same shi a zaure da yara huɗu, ɗansa yana cikinsu. Ya riga ya fanshi gonarsa. Ya ciro wata takarda daga aljihu ya miƙo mana. Layi biyar ne, an faɗi ranar da aka mai da kuɗi da sunayen shaidu. Akwai kuskure biyu a ciki. Amma duk wanda ya karanta zai gane, kuma ba a aika wata unguwa ba.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin kwafa da rubutu?
2. In yara 60 ne a aji, darasi kuwa minti 30, minti nawa kowane yaro zai samu?
3. Wa za a fara sanarwa kafin a tara yara?
4. Faɗi mataki biyar ɗin nan bi da bi.
5. Don me aka ce a gyara abu ɗaya kurum?

AIKI

Yau da dare kowa ya ce wa yaron gidansu ya kawo littafinsa. Ku duba, akwai layin da ya fito daga kansa? Sa'an nan ku rubuta sunayen yara huɗu na unguwarku waɗanda za ku iya zama da su. Ku zo da takardar aji mai zuwa.