Taɓa Makasa: Abin da Ke Aiki da Abin da Ke Jefa Mutum Cikin Haɗari

Wata ma'aikaciyar jinya ta aiko mini da tambaya: "Malam, nakan taso daga aiki da dare. Na ga bidiyon wani malamin karate yana danna wa ƙato yatsa a wuya, sai ƙaton ya zube. Shin in na koyi waɗannan wurare zan iya kare kaina?"

Ƙanwata, makasa gaskiya ce. Mutanen Japan suna kiran wannan ilimi kyusho, a Sin ana ce masa dim mak, tsofaffin littattafan maganin Indiya kuwa sun lissafa wurare 107 da suke kira marma. Ke da kike aikin asibiti kin san dalilin: akwai inda jijiya take kwance a kan ƙashi ba tsoka mai kauri a kanta. Wanda ya taɓa bugun gwiwar hannunsa da ƙofa, ya ji kamar wutar lantarki ta ja shi har ƙaramin yatsa, ya riga ya san makasa ɗaya.

Matsalar tana wajen yadda ake tallar abin. George Dillman na Amurka ya yi suna da sumar da ɗalibai ta hanyar taɓawa, har ya kai ga cewa ana iya kayar da mutum ba a taɓa shi ba. A 2005 tashar National Geographic ta sa aka gwada wannan a kan Luigi Garlaschelli, masanin kimiyya ɗan Italiya. Wani na hannun daman Dillman ya yi iya yinsa, mutumin ko gezau bai yi ba. Da aka nemi bayani, Dillman ya ce wai yadda mutum ya ajiye harshensa ko ya ɗaga babban yatsan ƙafa yana iya karya abin. Dabarar da motsin harshe ke rusawa ba a jingina rai da ita.

Ga abin da nake gani a wurin atisaye. In na tsayar da ɗalibi ya miƙo hannu, na nutsa babban yatsa a ƙasan gwiwar hannunsa, nan take zai yamutsa fuska ya durƙusa. Sai in ce masa: to yanzu ka cakumi wuyan rigata da gaske, ka jijjiga ni. Hannunsa ya yi gumi, tsokarsa ta ƙulle, kafaɗarsa tana kai da komowa. Wurin da nake nema bai wuce faɗin kwabo ba, ga shi ba ya tsayawa. Ko na dace na same shi, yaron yakan ce bai ji komai ba sai bayan mun rabu. Haka jiki yake in jini ya hau: zafin ciwo yana dushewa, yatsun mai tsoro kuma suna rawa. Ki ƙara da rigar sanyi, da duhu, da maharin da ya sha ƙwaya. Abin da ya fi damuna shi ne, kafin ki danna sai kin matsa kusa da shi kin tsaya, a daidai lokacin da ya kamata ki yi nisa.

Wuraren da ke aiki a faɗan gaske su ne waɗanda ke kashe gaɓa ko mutum ya so ko ya ƙi. Naushi a haɓa yana girgiza ƙwaƙwalwa, kuma duk mai zuwa kallon dambe ya ga kisa ta nan. Da naushin hagu a hanta Bernard Hopkins ya kwantar da Oscar De La Hoya a zagaye na 9 a 2004. A Janairun 2021, Dustin Poirier ya yi ta harbin Conor McGregor a sharaɓa, inda jijiya ke zagaye ƙashi a ƙasan gwiwa, har ƙafar ta daina ɗaukarsa. Amma ki lura: dukkansu da cikakken ƙarfi aka yi su, bayan shekaru na horo.

Saboda haka ki nemi wurin koyon damben zamani, ko judo, ko taikwando, inda ake gwabzawa da abokin da ke turjewa. Ki tambayi malamin ko zai nuna dabararsa a kan baƙon da ba ɗalibinsa ba. In ya ce ta yi haɗarin da ba a gwadawa, ki riƙe kuɗinki. Ki ƙware a abu uku ko huɗu kawai: fizge hannu ta ɓangaren babban yatsan wanda ya riƙe ki, bugun hanci ko haɓa da tushen tafin hannu, gwiwa a mara, sannan ihu da gudu zuwa inda haske da mutane suke. In da wuƙa a hannun maharin kuma waya yake so, ki jefa masa ita.

Roƙona ɗaya: kada ki bari kowa ya gwada miki bugun gefen wuya ko maƙogwaro da sunan darasi. A nan jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa take, kuma bugunta na iya rage bugun zuciya ko ya tsage bangonta har ya jawo shanyewar ɓarin jiki bayan kwanaki. Wanda ya suma a wurin atisaye, ko da ya farfaɗo yana murmushi, a kai shi likita ya duba shi a ranar.