Tsawa da Aikin 'Yan Kwana-kwana

Garin Yashe yana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, inda hanyar Malumfashi da Funtuwa ta rabu. Tankokin mai suna wucewa dare da rana. In gobara ta tashi a nan da damina, 'yan kwana-kwana suna fuskantar wuta biyu, ta ƙasa da ta sama.

Aradu ta fi faɗa wa abu mai tsawo a fili. Ga shi mai kashe gobara yakan hau tsanin ƙarfe ko rufin kwano, jikinsa sharkaf, yana riƙe da tiyon ruwa. Ƙarfe da ruwa kuwa suna ɗaukar lantarki. A watan Agusta na 2022 aradu ta faɗa wa wani tankin ajiyar mai a Matanzas, ƙasar Kyuba. Wutar ta yi kwanaki tana ci, 'yan kwana-kwana da dama suka rasa rayukansu.

Yaya za mu san nisan tsawa? Haske ya fi ƙara sauri. Ƙara tana tafiyar kilomita 1 cikin kamar daƙiƙa 3. In mun ga walƙiya, sai mu soma ƙirga. Idan muka ji rugugi kafin mu kai 30, tsawar ba ta wuce kilomita 10 ba, tana iya cim mana.

Don haka hukumomin kashe gobara da yawa suka kafa ƙa'idodi kamar haka:

1. Shugaban aiki ya sa mutum guda ya lura da hadari.
2. In tsawa ta matso, a sauke tsani, a sauko daga rufi.
3. In ba ran mutum ake ceto ba, a koma cikin mota a rufe ƙofa.
4. A jira minti 30 bayan rugugin ƙarshe kafin a sake hawa.

Mu ma muna da namu aikin. Kada mu fake gindin bedi ko kuka. Kada mu kusanci wayar lantarki da iska ta tsinka. Wanda aradu ta buga ba ya riƙe lantarki a jikinsa, saboda haka mu taimake shi nan da nan, mu kira lamba 112.

In mun ga 'yan kwana-kwana sun sauko daga tsani alhali wuta tana ci, kada mu yi musu ihu ko jifa. Ba tsoro ba ne, doka suke bi. Gida in ya ƙone ana sāke gina shi, rai kuwa ba a sayo shi a kasuwa.