Kafin Ka Kai Takarda KNUPDA, Ka Fara Sallama da Maƙwabci

Sana'ata zanen gini da bin takardun izini a hukumar tsara birane ta Kano (KNUPDA) ga masu masana'antu, kuma yawancin ayyukana a Sharaɗa, Challawa da Bompai suke. Abin da ya fi tsayar mana da aiki a waɗannan wurare shi ne maƙwabcin da bai ji labari ba sai da ya ga tifa tana sauke yashi.

Lokacin da aka ware filayen nan domin masana'antu, bayan gari ne. Yau gidaje da masallatai da makarantun Islamiyya sun zo har jikin katanga, musamman a Sharaɗa. Ko tsakanin kamfani da kamfani ma akwai magana. Na ga mai sito da ya so mayar da shi wurin narka roba, alhali na kusa da shi kayan abinci yake sarrafawa. Bai faɗa masa ba. Da injina suka iso, maƙwabcin ya rubuta takardar koke, aiki ya tsaya watanni, kuɗin banki na ta hawa. Da an zauna tun farko, da an mayar da bututun hayaƙin ɗaya ɓangaren tun yana kan takarda, a lokacin da gyaran ba ya cin ko kwabo.

Wani zai ce ai doka ta tanadi sanarwa. Haka ne: ƙarƙashin dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, ana baje rahoton babban aiki kwana 21 na aiki domin jama'a su duba. Amma wa yake zuwa sakatariya ya karanta rahoto mai kauri da Turanci? Kuma ƙananan sauye-sauye, irin ƙarin ɗakin janareta ko buɗe sabuwar ƙofar tirela, ba sa kaiwa ga wannan mataki, alhali su ne suke hana mutane barci.

Batun ruwa ya fi komai zafi. Dagwalon majemun Challawa da na Sharaɗa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin Getsi ya haɗu da Jakara. Mutanen da ke noman rani a gaɓar waɗannan ruwaye sun daɗe suna shan wahala, don haka idan suka ji za a kafa sabon inji, ba sa kyautata zato, kuma ban ga laifinsu ba.

Ga yadda nake ba masu aiki shawara. Ka ɗauki zanen filin ka je da kanka, kada ka aiki maigadi. Ka nemi mai filin na ainihi, domin sau da yawa wanda ke ciki ɗan haya ne. Ka nuna inda janareta zai zauna, inda kwata za ta bi, ƙarfe nawa motoci za su riƙa shiga. Idan gidaje ne, ka bi ta hannun mai unguwa, a tara dattawa, a yi bayani da Hausa. Duk abin da aka amince a rubuta, kowa ya sa hannu, ka haɗa kwafi da takardun da za ka shigar.

Ku kuma maƙwabta, idan aka zo muku da zane, ku duba da kyau ku faɗi damuwarku a lokacin, tun ba a zuba kankare ba.