Matalauci a Cikin Karin Magana: Bakin Wane Ne Yake Magana?

Karin Magana 10:4 ta ɗora tsiya a kan ragwanci, 13:23 kuwa ta ce gonar matalauci takan ba da abinci, amma rashin adalci ya share shi. Yaya iyali za su riƙe ayoyin nan biyu tare?

Malamai da yawa na Turai sun ɗauka cewa a fada aka tsara karin maganan nan, domin horon 'ya'yan manya. A 1990 R. N. Whybray na Ingila ya ce a'a, masu faɗin yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi ne. Duk da haka yana ganin sun karɓi talauci kamar abin da ba ya kawuwa. Friedemann Golka, Bajamushe, ya gwada su da karin maganan Afirka a 1993, ya ga asalinsu na jama'a ne.

Lechion Kimilike na Tanzaniya, a 2008, bai yarda cewa littafin yana koyar da haƙuri da tsiya ba. A ganina yana da hujja. Mu da muka tashi a gaban tsofaffi mun san karin magana takan sāke nauyi bisa ga bakin da ya furta ta. Uwa ta tsauta wa ɗanta kan lalaci a farkon damina, ƙauna ce. Mai gida ya jefa wa ɗan ƙodago wannan magana bayan ya danne masa lada, zalunci ne, kuma 14:31 ta lissafta shi cin mutuncin Mahalicci.

A sujadar iyali, ku karanta 22:2, ku tambayi yara: wa ya yi mai arziki, wa ya yi matalauci?